Yadda ake mayar da tsakar gida mafakar tsuntsaye da itatuwan gargajiya

Mafi yawan gidajen da ake ginawa yanzu a Kano da Zariya da Maraɗi siminti ake malala wa tsakar gidansu, idan kuma an yi shuka ba ta wuce darbejiya ko turare. Darbejiya daga Indiya aka kawo ta, turare kuma daga Ostireliya, kuma duk da inuwarsu ba su kai itatuwanmu na asali ciyar da tsuntsaye ba, domin da kurna da magarya da ɓaure tsuntsayen ƙasar nan suka saba tun fil azal.

Da farko a duba girman fili kafin a zaɓi itace. Ƙaramin gida magarya ko kurna sun ishe shi, domin suna jure fari, 'ya'yansu na nuna da rani lokacin da abinci ya yi ƙaranci, ƙayarsu kuma tana kare sheƙa daga kyanwa. Mai fili babba ya ƙara da kanya ko ɗinya ko aduwa. Ɓaure da ceɗiya da durumi kuwa, a ganina babu itacen da ya kai su tara tsuntsaye, har cilakowa takan sauka idan 'ya'yan sun nuna, sai dai saiwarsu tana fasa katanga da masai, don haka kada a dasa su kusa da gini.

Bayan an zaɓa, sai a jira damina ta kankama, wato wajen Yuni ko Yuli. A haƙa rami mai zurfin kamu ɗaya, a gauraya ƙasar da takin gargajiya wanda ya riga ya ruɓe, a dasa da yamma, sannan a kewaye dashen da ƙaya saboda awaki. Ranin farko shi ne mai wuya, sai an dage da ban ruwa. A gefe guda a bar kusurwa ɗaya ba shara, a shuka gamba da 'yan tsirarun gero, domin kurciya da kanari su sami tsaba, masu saƙar sheƙa kuma su sami ciyawa.

Sai batun ruwa, wanda ya fi komai jawo tsuntsu a bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi kan haura digiri 40. A sami kasko marar zurfi, a sa dutse a tsakiyarsa domin ƙananan tsuntsaye su tsaya a kai, a ɗora shi a wuri mai ɗan tudu ƙarƙashin inuwa. Wajibi ne a zubar da ruwan a wanke kaskon duk bayan kwana biyu, idan ba haka ba ya zama wurin ƙyanƙyasar sauro, a jawo wa iyali zazzaɓin cizon sauro.

A daina fesa maganin ƙwari a kan waɗannan shuke-shuke, saboda da tsutsa da fara yawancin iyaye suke ciyar da 'yan tsakinsu, ko da su kansu masu cin tsaba ne. Kada a yi sassabe da damina alhali akwai sheƙa a reshe, a bari sai hunturu. Yaran gida kuma a zauna da su a nuna musu tsuntsayen da sunayensu, a roƙe su su ajiye danƙo, domin wurin da aka taɓa harbin tsuntsu yakan daɗe bai sake sauka ba.