Yadda ake zaɓar manhajar rubuta kod don gina shafukan intanet

Kafin ka sauke kowace manhaja, ka fara duba ƙarfin kwamfutarka. Idan RAM ɗinta, wato ma'ajiyar wucin gadi da take gudanar da manhajoji a ciki, ya kai gigabait 8, ka ɗauki Visual Studio Code, wadda Microsoft ya fitar a 2015, domin kyauta ce kuma da ita ake koyar da akasarin darussan da za ka ci karo da su. Idan kuwa tsohuwar kwamfuta ce mai gigabait 4, Visual Studio Code za ta yi mata nauyi, saboda an gina ta a kan Electron, wato kusan cikakkiyar burauza ce ke gudana a ƙarƙashinta, ga kuma Chrome da za ka buɗe a gefe don duba aikinka. Mai irin wannan na'ura ya nemi Sublime Text. Lasisinta na kuɗi ne, amma tana barin mutum ya ci gaba da aiki da ita, illa dai lokaci-lokaci ta tuna masa da biya. Kada ka biye wa tsohon bidiyo ka sauke manhajar Atom, domin an daina kula da ita tun watan Disamban 2022.

Bayan girkawa ne akasarin masu koyo suke tuntuɓe. Sai ka ga mutum ya danna fayil ɗin index.html, wato babban fayil ɗin shafin, shi kaɗai ya buɗe, na CSS mai tsara launi da kamannin shafin yana can cikin Downloads, hotuna kuma suna kan Desktop, sannan ya dawo yana ƙorafin cewa launi ya ƙi fitowa, har ya yanke hukuncin cewa manhajar ce ba ta da kyau ya koma wata. Ka ƙirƙiri folda guda ga kowane aiki, ka zuba duk fayilolin a ciki, sannan ka buɗe foldar gaba ɗaya ta hanyar Open Folder. Ta haka ne manhajar za ta ga dangantakar fayilolin, ta riƙa kawo maka sunayensu da kanta yayin da kake rubuta hanyar hoto. Ka guji barin fili a sunan fayil, ka kuma tsaya a kan ƙananan haruffa, domin Windows ba ta bambanta Hoto.jpg da hoto.jpg, amma sabar Linux, wato kwamfutar da za ka ɗora shafin a kai don ya fito a intanet, tana bambantawa, kuma a ranar ne hoton zai ɓace.

Game da ƙananan manhajojin ƙari da ake girkawa a cikin Visual Studio Code, biyu sun wadatar a farko: Live Server, mai sabunta shafi da zarar ka adana, da Prettier, mai daidaita layukan kod. Ragowar cin data ne da nauyaya kwamfuta. Emmet, mai mayar da gajerun alamomi zuwa cikakken kod, yana cikin Visual Studio Code tun asali, don haka ka rubuta alamar ! a sabon fayil na HTML ka danna Tab, ƙashin shafin zai fito.

Daga nan ka kunna Auto Save, mai adana aikinka da kansa, musamman idan batirinka ba ya riƙe caji in an ɗauke wuta, ka girka Git, mai ajiye tarihin canje-canjen kod ɗinka, ka zauna a kan manhajar da ka zaɓa har ka kammala shafinka na farko.