Karon banɗaki: kurakuran da ke karya kuɗin gida ranar sayarwa

Fenti idan ya gundure ka, bokiti biyu da yini ɗaya sun raba ku. Labule a kwance shi, ƙofa a sauya ta. Amma karo, wato tayil, da zarar siminti ya kama shi sai guduma. Shi ya sa mai sayen gida ba ya samun inda zai karya farashi da sauri kamar banɗaki. Dillalan Garwa da Marwa, a arewacin Kamaru, sun san yadda abin ke tafiya: Alhaji yana zaure yana tambayar takardar fili da faɗin tsakar gida, Hajiya kuwa ta wuce ciki, ta leƙa madafa, ta tura ƙofar banɗaki. In ta fito ta ce, "Alhaji, wannan kam sai an farfashe," to kuɗin fasawa da na sabon karo da na ma'aikaci duk daga aljihun mai gida za su fita.

Na san wanda ya sha wahala ya tada gini ba ya son a yi masa zancen sayarwa. Amma gida yana sauya hannu ko ba a so ba. Gado ya zo a raba, aiki ya mai da mutum Yawunde ko Njamena, kasuwa ta juya, ko kuma a ba da shi haya ga ma'aikacin da aka turo daga kudu. Wanda zai shiga banɗakin nan bayan shekara 10 ba ka san shi ba, ba ka san matarsa ba, ba ka san abin da idonsa ke so ba. Shi ya kamata ka riƙe a rai ranar da ka shiga shagon kayan gini.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne shimfiɗa karo mai sheƙi a ƙasa. A shago yana ɗaukar ido, fitila na haska shi, mai shago na shafa shi da tsumma yana cewa ai irinsa ake sawa a manyan otal. Sai dai banɗakinmu ba ya bushewa. Da bokiti muke wanka, da buta muke tsarki, ana shiga kama ruwa kafin kowace salla, yara na watsa ruwa ko'ina. Ruwan sabulu a kan karo mai sheƙi tarko ne, kuma waɗanda yake kamawa su ne waɗanda faɗuwa ta fi yi wa illa: tsohuwa mai ciwon gwiwa, mace mai ciki, yaron da ya shigo a guje. Mai saye da ke da uwa a gida, da ya sa ƙafa ya ji santsi, ya gama yanke hukunci.

Gyaran ba wuya. Ka nemi karon ƙasa marar sheƙi, mai ɗan kaushi a ƙarƙashin yatsa. A wasu kwalaye za ka ga an rubuta R9, R10 ko R11. Ma'aunin riƙon ƙafa ne, kuma lambar na hawa santsi na raguwa. Don banɗaki kada ka sauka ƙasa da R10. In babu rubutun, ka tafi da gorar ruwa: a ajiye guda a ƙasa, ka jiƙa shi, ka cire takalmi ka taka. Mai shagon da ya hana ka wannan gwaji ka bar masa kayansa. Amma kada tsoron santsi ya kai ka ga mai ramuka da gurji kamar na bakin ƙofar waje, domin datti zai zauna a ramukan, mai wankewa ta yi ta fama da buroshi.

Akwai kuma masu ɗaukar ragowar karon bango su shimfiɗa a ƙasa don kada a yi asara. Na bango siriri ne, jikinsa na shan ruwa sosai, ba a yi shi don ɗaukar nauyin mutum da bokitin ƙarfe ba. Ka juya karo ka ɗiga ruwa a bayansa. In ya shanye nan take, na bango ne. In ɗigon ya tsaya yana kallonka, shi ne mai taurin da ake so a ƙasa; irinsa mai kyau ruwan da yake sha bai kai kashi 0.5 cikin 100 na nauyinsa ba.

Sai launi, inda son zuciya ya fi shiga.

Baƙin karo da shuɗi mai duhu sun shigo da ƙarfinsu, saboda hotunan da ake gani a waya. A hoto suna da kwarjini. A gidan da ke shan ruwan rijiya ko na burtsatse kuwa, ruwan na bushewa ya bar farin tabo, kumfar sabulu ta ƙara nata, sannan daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu ya shimfiɗa ƙurarsa a kai. Ko da safe aka wanke, da la'asar kamar ba a taɓa ba. Ga shi banɗakunanmu da yawa 'yar taga ɗaya ce can sama, wuta kuma ba kullum take ba. Baƙin bango yana haɗiye ɗan hasken da ya shigo, ɗaki ya ƙara ƙunci, mai dubawa ya ji kamar rami ya shiga.

Fari fat a ƙasa shi ma ba mafita ba ne. Wanda ya zauna Ngaundere ya san abin da jar ƙasar garin ke yi wa farin abu da damina. A ko'ina ma, ranar da mata suka wanke lalle a banɗaki za ka ga yadda ruwan ke bin layukan da ke tsakanin karo yana rina su, kuma wannan rinin ba ya fita da sabulu.

Abin da ke zama lafiya da ruwanmu da ƙurarmu shi ne na tsakiya. A ƙasa, ruwan toka mai haske, ko launin yashi, ko ruwan ƙasa marar duhu, musamman mai 'yan ɗige-ɗige da ke ɓoye tabo. A bango, fari ko ruwan madara, kuma a nan sheƙi ba laifi ba ne, yana ƙara haske yana sauƙaƙa gogewa. Za ka ce ai wannan ba ado. Gaskiya ne ba wanda zai shiga ya yi tafi. Amma ba wanda zai shiga ya ce a fasa, kuma ranar ciniki wannan ne ke da kuɗi.

Karon yayi kamar atamfar biki yake: a shekararta kowa na so, bayan sallah uku duk wanda ya gani ya san ta kwana biyu. Bambancin shi ne atamfa ana ninke ta a akwati. An yi yayin manyan furanni ruwan hoda, an yi na zanen gwal a tsakiyar bango, yanzu ga masu hoton teku da kifaye har a ƙasa. Mai saye yana gani zai ƙiyasta shekarun gidan, ya ɗora masa tsufan da bai kai ba. Hoton mai rai kuma da yawa daga cikin mutanenmu ba sa son sa a gida ko kaɗan. Haka zanen da ya yi kama da rubutun Larabci: a makewayi ba wurinsa ba ne, kuma mai saye Musulmi ba zai tsaya tantance ko rubutu ne ko ado ba. In ranka na son launi, ka sa shi a abin da ke cirewa: fentin da ke saman karo, ƙofa, madubi, abin rataye tawul. In kuwa dole sai a jikin karo, to layi ɗaya siriri ya wadatar.

Ban ga dalilin da zai sa kowane banɗaki a gida ya zama da nasa launi ba, na uwargida kore, na amarya ruwan goro, na yara shuɗi. Iri ɗaya a ko'ina ya fi nuna an yi aikin da tsari, ragowar wannan ɗaki ta yi gyaran wancan, kuma tsakanin mata biyu babu mai cewa nata ya fi. Kada kuma a ƙawata na cikin ɗaki a bar na tsakar gida da siminti mai gansakuka, alhali shi baƙo ya fi shiga.

Girman karo wani wuri ne da ake tafka kuskure ba a sani ba. Mai faɗin santimita 60 kowane gefe ya dace da falo, sai a ce a ƙarasa da shi har banɗaki. Ƙasan banɗaki kuwa dole ta gangara zuwa rariya, kamar santimita 1 zuwa 2 a kowace mita, kuma babban karo ba ya lanƙwasa. A ɗan ɗakin da bai wuce mita 2 ba, ma'aikaci ko dai ya yayyanka shi ya ɓata, ko ya shimfiɗa shi a miƙe ruwa ya riƙa kwanciya a lungu. Ruwan da ya kwanta shi ne wari, shi ne sauro, shi ne bangon ɗakin kwana da ke jiƙa daga ƙasa fenti na ɓarewa. Mai 30 da 30 ko ƙasa da haka ya fi bin gangare, yawan layukansa kuma na ƙara riƙe ƙafa. Manyan ka kai su bango, can suna rage layi suna ƙara kyau. Kafin ka biya mai sa karo cikon kuɗinsa, ka cika bokiti ka sheƙa a kusurwar da ta fi nisa da rariya, ka tsaya ka gani. In ruwan ya tafi da kansa, madalla. In sai an kora shi da tsintsiya, ka ce, "Malam, a ɗaga nan tun siminti bai gama kamawa ba."

A ɗaga karon bango ya kai aƙalla tsayin ƙofa a wurin wanka. Wanda aka tsayar a ƙirji, ruwa na tsallake shi.

Yanzu batun saye. Yawancin karon da muke gani a arewa daga tashar jiragen ruwa ta Duwala yake tasowa, wani a jirgin ƙasa zuwa Ngaundere inda dogo ya ƙare, daga nan manyan motoci su ɗauka zuwa Garwa, Marwa, Kusseri, har su tsallaka Njamena. Wani kuma ta iyakar Najeriya yake shigowa. Tafiya ce mai nisa, ana samun fasassu a cikin kwali, kuma irin da ka saya yau ba lallai ya sake zuwa ba. Wanda ya sayi daidai awo, guda biyar suka fashe, sai ya koma shago a ce ya ƙare. Daga nan ne ake samun bango mai faci, fari biyu da ba su yi kama ba. Ka ƙara kashi 10 cikin 100 a kan awonka. Ka duba gefen kwalayen ka tabbatar lambar gashi ɗaya ce a jikinsu duka, domin karo iri ɗaya da aka gasa a lokuta daban yakan bambanta a launi, wani lokaci har a girma. Ka sa a buɗe kwali biyu ko uku a gabanka, ka haɗa guda biyu fuska da fuska; in suna rawa ko haske na ratsa tsakaninsu, sun kantare. Masu lakabin zaɓi na biyu suna da sauƙin kuɗi, amma araha ba ta ado. Bayan an gama aiki ka ɓoye kwali ɗaya na bango, ɗaya na ƙasa. Ranar da bututu ya fashe za ka gode wa Allah, ranar sayarwa kuma ka nuna wa mai saye, zai san gidan mai lura ne.

Karo mai tsada a hannun ma'aikaci mai gaggawa asara ce. Wasu kan ɗora siminti ɗan guntu a kusurwa huɗu da tsakiya su manna, bayan ya zama kogo. Ka ƙwanƙwasa da kuɗin ƙarfe: inda ya yi ƙarar ganga, nan zai fara tsagewa, kuma masu saye da yawa sun koyi wannan ƙwanƙwasar. Simintin masana'antar garin Figil da muke gini da shi ba shi da laifi, sai dai karo mai tauri da ba ya shan ruwa ba ya kama siminti zalla yadda ya kamata; akwai simintin liƙa karo na musamman, shi za a shafa ya game bayan duka. Kada kuma a matse su ba tsagi. A garin da zafin Maris da Afrilu ke haura digiri 40, gini na motsi, kuma karon da bai sami wurin numfashi ba yakan kumbura ya tashi. Tsagin milimita 2 zuwa 3 ya isa, a cike shi da abin cikewa mai ruwan toka a ƙasa, ba fari ba. A hana wanke shi da asid ɗin nan da ake sayarwa a kwalba, domin yana cinye layukan ya dusashe fuskar karo.

Tun ran gini tun ran zane. Kafin a ɗora karo ko guda, mai aikin famfo ya saki ruwa a bututu a bar shi ya kwana a ga ko akwai yoyo. A kuma zauna a duba inda masai zai fuskanta. Mutane da yawa ba za su zauna a gidan da mai biyan buƙata ke fuskantar alƙibla ko ba ta baya ba, kuma juya shi bayan an gama yana nufin fasa ƙasa gaba ɗaya.

Wanda ya riga ya yi aikin kuma yana shirin sa gida a kasuwa, ba sai ya rushe komai ba. In bango lafiyayye ne, ko da launinsa ya tsufa, a kankare tsofaffin layuka a cike sabbi, a sauya fasassu, a yi farin fenti a sama, a sa fitila mai haske da sabon kan famfo. In ƙasa ce mai santsi ko mai riƙe ruwa, ita kaɗai za a ɗaga. 'Yan mitoci ne, kuɗinsu bai kai abin da mai saye zai zabtare ba. Ɗora sabo a kan tsoho yana yiwuwa in na ƙasan ya kama sosai, amma a auna tukuna, kada ƙasan banɗaki ta fi ta ɗaki tudu ruwa ya riƙa fitowa ta ƙarƙashin ƙofa. Shafa fenti a kan karo don a rufe idon mai saye kuwa ban goyi bayansa ba: a wurin da ruwa ke zuba kullum ba ya daɗewa yake ɓarewa, kuma wanda ya saya zai dawo yana neman dillali da mai gida.