Kurakuran da ake yi wajen komawa gudun nesa bayan jiki ya rame

Mutum ne zai yi wata biyar ko shida yana horar da cikinsa da yunwa, ko da gangan don ya rage tumbi, ko kuma taifot ko wata doguwar jinya ta kwantar da shi abinci baya shiga, har ya zubar da kilo goma ko sha biyar. Ranar da ya fara jin ɗan ƙarfi sai ya ɗaura kambas da asuba ya ce bari ya rama abin da ya wuce shi. Ni kaina na yi haka, kuma ƙwaurina ya zaunar da ni makonni, shi yasa abin yake damuna in na ga wani zai bi wannan hanyar.

Kuskuren da kusan kowa ke fara yi shine ɗorawa daga inda ya tsaya. Da kana cin kilomita goma ba haki, to kanka yana nan yana tuna wancan jikin, amma jikin da kake ciki yanzu wani ne daban. Yunwa ba kitse kaɗai take ci ba, tana cin tsoka, ita kanta zuciya tsoka ce, kuma ƙashi yana rage ƙwari. A 1944 zuwa 1945 wani masanin kimiyya mai suna Ancel Keys ya yi wani gwaji a Jami'ar Minnesota ta Amurka da samari 36 masu lafiya, makonni 24 ana basu kalori (ma'aunin kuzarin da ke cikin abinci) wajen 1,570 a rana suna kuma tafiyar mil 22 duk sati. Sun rasa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu, bugun zuciyarsu ya yi ƙasa sosai, kullum sanyi suke ji, ba abin da ke ransu sai abinci. Da aka dawo musu da abinci kitse ne ya riga tsoka dawowa, kuma makonni 12 na farfaɗowa basu isa mayar da su yadda suke ba. Waɗannan fa samari ne ƙarƙashin kulawar likitoci.

Gyaran sai da haƙuri. Ka fara da tafiyar ƙafa minti 20 zuwa 30 har ka ji bata gajiyar da kai, sannan ka haɗa gudu minti ɗaya tafiya minti biyu, kwana uku a sati da hutu a tsakani, a saurin da zaka iya hira da na kusa da kai. Numfashi yana saurin dawowa, shi ke yaudarar mutane, ƙashi da jijiya kuwa watanni suke so. In ka ji ciwo a wuri ɗaya tak a ƙwauri ko bayan ƙafa, wanda in ka danna da yatsa yake zafi, ka tsaya, yana iya zama tsagewar ƙashi kuma sau da yawa hoton eksire baya nuna shi da wuri.

Wanda yafi haɗari kuma, har yana kisa, shine dirar wa abinci lokaci guda. Ina maganar wanda ya yi sama da kwana biyar kusan bai ci komai ba, balle goma, ko ya rasa fiye da kashi 15 cikin ɗari na nauyinsa cikin 'yan watanni. 'Yan'uwa saboda tausayi sai su cika masa kwano da tuwo da shinkafa ga lemo, a ce ci ka mayar da jiki. Abin da ke faruwa shine sukari ya shiga, insulin, sinadarin da ke sarrafa sukari a jiki, ya tashi, ya kwashe sinadaran fosfet da fotasiyam da magniziyam daga jini ya tura cikin ƙwayoyin jiki, dama yunwa ta ƙarar da ajiyarsu. Cikin kwanakin farko sai ƙafa ta kumbura, numfashi ya yi wuya, bugun zuciya ya rikice, wani ya ruɗe. An ga haka a fursunonin da aka sako ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu. Irin wannan mutum likita ya kamata ya fara gani, a gwada jini, a bashi bitamin B1, a ƙara abincin kaɗan kaɗan. Maganar gudu bata ma taso ba tukuna.

Sai kishiyarsa, tsoron sikeli, kuma wannan yafi kama wanda ya rame da gangan. Ya fara ci, kwana huɗu ya hau sikeli ya ga kilo ɗaya ko biyu sun ƙaru, hankalinsa ya tashi ya koma yanke tuwo alhali yana ƙara gudu. Ɗan'uwa wannan ba kitse bane. Tsoka tana ajiye sitaci a matsayin mai, kowane giram ɗaya yana riƙe ruwa wajen giram uku, tankin da ya bushe ne yake cika, kuma da man nan zaka yi gudun.

Bari in yi lissafin don a gane. Ka ce nauyinka kilo 60, in an cire kitse saura 52. Kana cin kalori 2,000, gudu ya ƙone 600, saura 1,400 wa zuciya da hanta da ƙwaƙwalwa da gyaran ƙashi. Raba da 52, wajen 27 kenan a kowane kilo. Bincike, akasari a kan mata, ya nuna ƙasa da 30 jiki yana fara rufe wasu ayyukansa don tsimi, abin da ake so wajen 45 ne, wato kusan kalori 3,000 a ranar gudu ga mutumin nan. Kwamitin Olamfik na duniya ya sa wa wannan matsala ta abinci ya kasa biyan buƙatar jikin mai atisaye suna RED-S a 2014. A mace babbar alama ita ce haila ta ɗauke, kuma gaskiya raina yana ɓaci in na ji ana cewa ai haka 'yan wasa suke, in ta kai wata uku 'yar'uwa ki je asibiti don ƙashinki ne ke biyan kuɗin. A namiji sha'awa ce take raguwa. Ga rashin barci, yawan mura, saurin fushi, sanyi ko a watan Afrilu.

Fita gudu da cikin wofi ma ka ajiye shi a wannan lokacin. Dabino uku, ayaba, ko rabin kofin koko kafin ka fita, in ka dawo kar ka ja lokaci, fura da nono, ƙosai, ƙwai, wake da shinkafa, abin da ya samu. Furotin ka nemi wajen giram 1.6 a kowane kilo, mai kilo 60 kusan giram 96 kenan a rana, ƙwai ɗaya giram 6 ne kacal, don haka sai an rarraba shi safe da rana da dare, da kifi da gyaɗa da awara.

Akwai kuma masu haki da jiri su ɗauka rashin atisaye ne, ashe jini ne ya yi ƙasa. Lemon malti da madarar gwangwani zai baka kuzari amma ba shine maganin ƙarancin ƙarfen jini ba. A gwada jinin, a ci hanta da nama da wake da zogale a matsa lemon tsami, shayi kuma a bashi tazara da abinci don yana hana ƙarfen shiga.

Ƙwayoyin ƙiba da ake saya a kemis, musamman dexamethasone, don Allah a bar su. Kumatu zasu ciko mutane su ce ka murmure, alhali ruwa ne da kitse, maganin kuma tsoka yake narkarwa yana cin ƙashi yana ɗaga sukari, daidai abin da kake ƙoƙarin gyarawa. In ka daɗe kana sha kar ka yanke lokaci ɗaya, likita ne zai sauke ka a hankali.

Kar ka manta da ƙarfafa tsoka, sau biyu a sati tsuguno da miƙewa, hawa matakala, ɗaga dunduniya, ko ba ƙarfe.

In kuwa ka lura abincin ne kake tsoro, kana ƙirga kowace loma, in ka ci sai ka fita gudu don ka hukunta kanka, to matsalar ta wuce jadawalin atisaye, ciwo ne da likitocin ƙwaƙwalwa suke magani kuma maza ma yana kama su. Haka in ka suma, ko ka ji ciwon ƙirji, ko zuciya tana tsallake bugu a tsakiyar gudu, ka cire kambas ɗin a ranar ka je a yi maka gwajin zuciya da na jini kafin ka sake fita.