Kurakuran da aka fi yi idan manhaja ta ƙi zama daidai a tagarta

Kuskuren da ya fi cin lokaci shi ne a ɗora wa manhaja laifi nan take, a goge ta a sake girka ta, alhali saɓanin yana tsakaninta da manajan tagogi, wato shirin da ke tsara inda kowace taga za ta zauna a allo da kuma girmanta. Kafin a taɓa komai a Linux, a rubuta echo $XDG_SESSION_TYPE a tashar umarni domin a san ko a kan X11 ake ko Wayland, wato tsare-tsare biyu na nuna tagogi a allo, saboda maganin da ya yi aiki a ɗaya sau da yawa ba ya tsinana komai a ɗayan.

Manhajojin Java su ne suka fi ɗaure wa mutane kai. Mutum ya buɗe manhaja a manajan tagogi irin dwm ko bspwm, sai taga ta fito toka-toka, babu maɓalli babu rubutu, kamar ba a gama gina ta ba. Dalili kuwa shi ne yawancin manajojin tagogi na X11 suna saka tagar manhaja cikin wani firam nasu, Java kuma tana jiran a yi mata hakan, alhali waɗannan biyun ba sa yi. Gyaran layi ɗaya ne: export _JAVA_AWT_WM_NONREPARENTING=1. Sai dai a nan ma ana tuntuɓe, domin da yawa suna ajiye layin a .bashrc, fayil ɗin saitin tashar umarni, wanda manhajar da aka buɗe daga jerin manhajoji ba ta karantawa. Ga mai shiga da startx, umarnin da ke tayar da X11, wurinsa fayil ɗin .xinitrc ne, sama da layin da ke tayar da manajan tagogin, sannan a fita a sake shiga.

Idan rubutu ya yi dishi-dishi a Wayland bayan an ƙara girman allo zuwa kashi 125 ko 150 cikin ɗari, ƙara girman haruffa ba zai warkar da shi ba. Galibi manhajar tana bi ta XWayland ne, shirin da ke gudanar da manhajojin X11 a cikin Wayland, ana zana ta ƙarama sannan a miƙa hoton. Firefox ta koma amfani da Wayland kai tsaye tun daga sigar 121 a Disambar 2023, manhajojin da aka gina da tsarin Electron kuma ana iya tayar da su da --ozone-platform=wayland. A X11 kuwa, a yi hattara da haɗa GDK_SCALE da babban Xft.dpi, saituna biyu masu ƙara girman abin da ke allo, domin haruffa kan ninka girma sau biyu.

Baƙin zane a gefen taga, inda ya kamata a ga inuwa, yawanci alama ce ta rashin shirin haɗa tagogi, kuma picom, wanda irin wannan shirin ne, na magance shi a X11.

Akwai kuma ƙa'idojin da mutum ke rubutawa don ƙaramar taga ta riƙa shawagi. Kada a yi cankin sunan manhaja, domin wanda ke saman taga sau da yawa ba shi ne manajan yake dubawa ba. A i3, manajan tagogi na X11, sunan da ake dubawa shi ne WM_CLASS, wanda umarnin xprop ke nunawa, amma a Sway, takwaransa na Wayland, tagogin Wayland suna amfani da app_id ne, wanda swaymsg -t get_tree ke nunawa, shi ya sa ƙa'idar da aka kwafo daga i3 yadda take kan ƙi aiki ba tare da wani gargaɗi ba.