Yadda Ake Raba Wuraren Shakatawa a Tsarin Birni

Kuskuren da hukumomin tsara birane suka fi yi shi ne su zuba kuɗi a katafaren lambu guda ɗaya, su ce an gama. Yaro ɗan shekara shida ba zai hau mota ya je wasa ba. Don haka daga ƙasa ake fara lissafi, daga inda ƙafa za ta kai mutum.

Mafi ƙanƙanta shi ne dandalin cikin layi, fuloti biyu ko uku. Inuwa yake buƙata, da bencin siminti, da lilo ɗaya ko biyu. A zuba yashi mai kaurin santimita 30 a ƙarƙashin lilon, domin daɓen siminti ke fasa kan yara. Kada a kafa abin zamiya na ƙarfe a tsakiyar rana; a watan Afrilu ko hannu ba ya taɓuwa a kansa.

Na gaba shi ne filin unguwa, kuma nan ya kamata rabin ƙoƙarin ya tafi. A ba shi hekta 1 zuwa 2, a wurin da mazauna za su isa cikin minti goma a ƙafa, wato mita 800 ko ƙasa da haka, ba tare da sun tsallaka babban titi ba. Cikakken filin ƙwallo mita 105 ne da 68, ya cinye kusan kashi bakwai cikin goma na hekta. Idan wurin bai kai ba, gara a yi ƙaramin fili da a matse komai. A shimfiɗa shi kudu da arewa, in ba haka ba ranar la'asar za ta riƙa dukan idon mai tsaron gida. A ware gefen mata da ƙananan yara nesa da raga, da ƙofarsa daban, domin in samari suka mamaye wuri, iyaye mata sun daina zuwa ke nan.

Bishiya kuwa, darbejiya da maɗaci da tsamiya sun fi jure rani. A dasa da zarar damina ta kankama, a rami mai faɗi da zurfin santimita 60, tazarar mita 8 zuwa 10. Kowace a yi mata keji saboda awaki, a ba ta ruwa a rani biyu na farko, a duba gara a gindinta. Yawancin dashen da ke mutuwa ba a sa kowa ya shayar da shi ba ne, don haka a haƙa rijiyar burtsatse kafin a kawo tsiro ko ɗaya.

Sai babban lambun birni, wanda ake zuwa a mota ranar hutu ko da Sallah. Millennium Park na Maitama a Abuja, mai hekta 32, wanda Sarauniyar Ingila Elizabeth ta Biyu ta buɗe a Disambar 2003, irinsa ne. Haka Ƙofar Gamji a bakin kogin Kaduna, inda aka ajiye gadar Lugard da aka ɗauko daga Zungeru a 1954. Irin wannan sai da wurin ajiye motoci, ban-ɗaki na maza da na mata, wurin alwala da salla, da masu gadi na dindindin. Gidan namun daji da filin sukuwa kasafinsu daban ne.

Akwai kuma zirin kore da ake bari a bakin rafi ko a kewayen gari. Aikinsa shanye ruwan ambaliya da tare ƙura. Shingen bishiyoyin Yamai da aka fara dasawa a 1965 misali ne, kuma gine-gine sun ci wani ɓangarensa.

Abu ɗaya ne ke cinye kowane irin fili: rashin takarda. A auna filin, a kafa duwatsun iyaka, a shigar da shi taswirar hukuma a matsayin filin jama'a, sannan a kewaye shi da gajeriyar katanga wadda ake hango ciki. Doguwar katanga da duhu maɓoyar 'yan shaye-shaye ce, shi ya sa fitila mai aiki da hasken rana ta zama dole. Idan za a ba masu sayar da abinci haya don samun kuɗin gyara, a rubuta a yarjejeniya cewa rumfa ce ta wucin gadi, a kuma ƙayyade faɗinta da mita. Mai unguwa da kwamitin mazauna su riƙe kwafin takardar.