Kurakuran da aka fi yi wurin kai kaji da nama gwajin ƙwayoyin cuta

'Yan uwa masu gonar kaji, masu sayar da kajin firiza da ɗaliban da ke kai samfur ɗakin gwaji, wannan maganar ta daɗe tana ci mani tuwo a ƙwarya. Sau da yawa sakamakon gwaji tun a hanya yake lalacewa, kafin ma likita ya sa mai hannu.

Babban kuskuren da na fi gani shi ne baƙar leda. Mutum ya yanko nama a kwata da safe, ya ƙulle a leda, ya rataya ga kabu-kabu, ya biya kasuwa ya yi cefane, sai bayan azahar ya isa, alhali kowa ya san zafin Sakkwato, a watan Afrilu yana wuce digiri 40, kuma a irin wannan ɗumin wasu ƙwayoyin kan ninka kansu duk minti 20. To mi za a auna? Gyaran mai sauƙi ne wallahi: a sa shi cikin kula mai ƙanƙara, sanyi ƙasa da digiri 5, ƙanƙarar kada ta taɓa naman, a kai shi ranar nan, kada ya wuce awa 24.

Wasu kuma sai su ce bari su kyauta, su jefa shi firiza ya daskare. Kada a yi. Campylobacter, wadda ke cikin hanjin kaji kuma ta fi yawan jawo gudawa daga naman kaza, ba ta jure daskarewa, da yawanta mutuwa take, sai gwaji ya nuna babu alhali akwai.

Sai wuƙa ɗaya da hannu ɗaya ga kaji goma. In ta farko na da Salmonella, wata ƙwayar cuta mai jawo gudawa, ka shafa ma sauran tara. Kowane samfur da jakarsa mai tsabta daga ɗakin gwajin, a canza safar hannu, a rubuta rana da wurin da anka ɗauko.

Akwai kuma son zaɓen tsoka mai kyau ta ƙirji. Ai ba can cutar ke zama ba, tana hanji, tana hawa fata lokacin figa da fiɗa, musamman inda ruwan baho ɗaya ake tsoma duk kajin ranar. Shi ya sa ake ɗaukar fatar wuya, kamar giram 25. Kuma kaza ɗaya ba ta wakiltar keji mai ɗari biyar, don Allah. In ka ba su maganin kashe ƙwayoyin cuta kwanan nan, faɗa ma likitan dabbobin, kada ka ɓoye, yana iya danne abin da ake nema.

Gaggawa ma na cikin matsalar. Gwajin Salmonella sai an reno ƙwayar tukun, kwana 3 zuwa 5 ne, wani lokacin har fiye. Sunsunawa da kallon launi ba gwaji ba ne, kaza mai ɗauke da cuta fes take.

Ko takarda ta fito babu komai, a dafa kaza har cikinta ya kai digiri 74, kusa da ƙashi babu ja, kuma katakon da anka yanka ɗanye kada a yanka albasa da tumatir a kai sai an wanke shi da sabulu.