Yadda za ka ja ragamar gajeren fim na ɗalibai da bayan fage na kwamfuta

A salon fim mai bayan fage na kwamfuta, wurin da labari yake faruwa ana gina shi ne cikin manhajar ƙera wurare a kwamfuta mai suna Unreal Engine, sai a nuna shi a bangon LED (wani katon allo kamar na talabijin) bayan jarumi, ko kwamfuta ta maye gurbin koren ƙyallen da aka rataya bayansa da shi, yana juyawa daidai da motsin kyamara. Shirin The Mandalorian na 2019 ne ya fito da shi fili. Ga darakta, babban sauyin shi ne aikin da aka saba bari sai lokacin tacewa ya dawo gaba, kafin a kunna kyamara.

Don haka ka taƙaita labarin: minti biyar, wurare biyu, jarumai biyu ko uku. Ka raba aiki tun ranar farko, mutum ɗaya ya riƙe ginin wurin a Unreal, wani ya riƙe na'urar bin motsin kyamara, ban da mai ɗaukar hoto da mai haske da mai sauti. Ka zana kowace fitowa, a gwada ta da kyamarar cikin manhajar, domin a gina iya abin da ido zai gani. Ɗalibai sukan ɓata makonni suna ƙawata lungun da ba zai taɓa fitowa ba. Mako biyu kafin ɗauka ka rufe ƙofar gyara, ko da mai ginin ya rantse saura kaɗan.

Ka ware yini guda na gwaji, babu jarumai. A nan ake gane ko kwamfutar tana riƙe hoto 25 a daƙiƙa ba tare da sarƙewa ba. In tana ja da baya, a rage itatuwa da inuwoyi. Inda lantarki yake kan 50Hz, kamar Najeriya da Nijar, a sa shota, wato tsawon lokacin da kyamara ke shigar da haske a kowane hoto, a 1/50 na daƙiƙa, in ba haka ba fitilu za su riƙa kyaftawa. Bangon LED kuma sai an ɗaure bugunsa da na kyamara ta genlock, wato siginar da ke sa su sauya hoto a lokaci guda, ko ka ga layuka suna gangarowa a hoto.

Wurin bin motsi ne aka fi shan wuya. In Vive Tracker kuke amfani da shi, wato ƙaramar na'urar bin motsi da ake ɗaura wa kyamara, a kafa tashoshinsa biyu, waɗanda ta hanyarsu yake gane inda yake, a kusurwoyi masu fuskantar juna, sama da kai, a rufe madubi da duk gilashi mai ƙyalli, don suna ruɗa shi. A auna tazarar da ke tsakaninsa da idon kyamara da awo, a shigar da ita daidai. Kuskuren santimita kaɗan ya isa ya sa bayan fage ya riƙa zamewa a bayan jarumi. A tsaya kan gilashin kyamara ɗaya, 35mm ko 50mm, kada a taɓa zum, domin kowane canji sai an sake saiti.

Jarumi ya tsaya kimanin mita uku daga bango. A kan LED, wannan da buɗe ramin gilashi da faɗi, zuwa f/2.8, suna hana ɗigon allon haifar da wani zanen layuka mai rawa a hoto. A kan kore kuwa, tazarar tana rage koren da ke fantsama a jiki. Farar shadda mai sheƙi tana kwasar kore sosai, siririn mayafi kuma raba shi da koren baya a kwamfuta azaba ne, sai a zaɓi tufafi tun ranar gwaji.

Ƙasan da ake takawa ya zama na gaske: yashi, tabarma, kujera, wani abu a gaban kyamara. Babbar fitila ta fito daga ɓangaren da rana take a Unreal, da zafin launi iri ɗaya, misali 5600K.

Ranar ɗauka, a gama duk fitowar wuri ɗaya kafin a loda na biyu. Kwamfuta ta zauna kan UPS, batirin da ke riƙe ta in an ɗauke wuta, nesa da makirufo saboda ƙarar fankarta, kuma a ajiye bayanan motsin kyamara na kowane ɗauka da lambarsa, don mai tacewa zai neme su.